Ɗakin haya a Ingila ga sabon ma'aikaci: ina arahar take?

Malam Nasiru (mai kula da zaure): Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ɗaya ce take ta dawo mana a makon nan. Mutum ya samu aikin jinya ko na likita a Ingila, biza ta fito, an sa ranar tafiya, amma bai san inda zai kwana ba bayan ya sauka. Masu sani don Allah ku buɗe mana maganar. Addu'a muna yi, amma a nan lissafi muke nema: nawa zai riƙo, me zai fara yi, ina ake faɗawa rami.

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam Malam. Mu fara da kuɗin shiga gida, don a nan ake fara kuka. Hukuma tana neman mai bizar aiki ya nuna fam 1,270 da suka kwana 28 a asusunsa, sai dai in wurin aikin ya ɗauke masa. Mutane da yawa suna ɗauka wannan kuɗin zai kama musu gida. Ba zai kama ba. Ɗauki misalin fulat mai ɗaki ɗaya a kan fam 900 a wata. Kuɗin ajiya, wato difozit, doka ta tsayar da shi a hayar mako biyar. Ka ninka 900 sau 12, ka raba 52, mako ɗaya ya kama kusan fam 208, mako biyar kuma kusan 1,038. Ƙara hayar watan farko, ka tashi da 1,938 kafin a miƙa maka makulli. Ba ka sayi katifa ba, ba ka sayi tukunya ba. Sannan albashi ƙarshen wata ne, in ka fara aiki bayan an rufe lissafin albashin wannan watan sai ka jira na gaba.

Sai a kula da tallan da aka rubuta farashin mako. Fam 150 a mako ba 600 ba ne a wata, 650 ne, domin wata ya fi mako huɗu.

Abban Sadiq: Hajiya ta faɗi gaskiya, amma ko kuɗin na hannunka ba shi ne za a ba ka gidan ba. Dillalan gidaje suna tantance mai haya, kuma ma'aunin da aka saba shi ne albashinka na shekara ya kai hayar wata sau 30. Gidan 900 yana son albashin 27,000. Nas da ke matakin farko na Band 5, wato rukunin albashin da nas ke farawa da shi a NHS, hukumar asibitocin gwamnati, ya kasance kan fam 31,049 a shekarar 2025 zuwa 2026, kenan a takarda zai iya ɗaukar gida har na kusan 1,035. Amma sabon zuwa da bai ci jarrabawar OSCE ba, wato jarrabawar aiki a aikace da nas ɗin ƙasar waje yake yi kafin a yi masa rajista, ba a fara biyansa wannan albashin ba tukuna, yana ƙasa. Ba shi da takardar albashi ta watannin baya, ba shi da shaidar tsohon mai gida, ba shi da tarihin bashi a ƙasar. Sai a ce ya kawo garanto, wato mai tsaya masa ya biya in ya gaza, mazaunin Birtaniya, wanda albashinsa ya kai hayar sau 36. Wa zai tsaya wa baƙon da ya sauka jiya?

Hajiya Binta: Kuma abin da takarda ta yarda da shi daban, abin da aljihu zai ɗauka daban. Wannan 31,049 ɗin, in an cire haraji da inshorar ƙasa da fansho, abin da ke shigowa hannu bai cika fam 2,000 a wata ba. Wanda ya ɗauki gidan 1,000 ya ba da rabi kenan, bai biya wuta ba, bai aika gida ko sisi ba.

Ummi: Anti Binta to ni abin da na ji, sai a biya wata shida gaba ɗaya a huta da maganar garanto. Ba haka ba ne?

Barista Kabiru: Ƙanwata, da haka ake yi, amma wannan ƙofa an rufe ta. Sabuwar dokar 'yancin masu haya ta Ingila, wadda aka sa wa hannu a Oktoba 2025, manyan sassanta suna aiki daga 1 ga Mayu 2026. A ƙarƙashinta mai gida ba zai nemi fiye da hayar wata ɗaya a gaba ba, kuma sai bayan an sa hannu a yarjejeniya. Ta kuma soke yarjejeniyar da ke ɗaure mutum wata shida ko shekara: haya ta koma wata-wata, mai haya ya ba da sanarwar wata biyu ya tashi. Mai gida ba zai kore ka haka kawai ba sai da dalilin da doka ta sani, ƙarin haya sau ɗaya ne a shekara, kuma an hana a sa masu nema su yi ta tayi sama da farashin da aka tallata.

Ga baƙo abin yana da fuska biyu. Sanarwar wata biyu rahama ce, in ka kama gidan da bai yi maka ba ba za ka shekara kana biya ba. Amma wata shida a gaba ita ce hujja ɗaya da wanda ba shi da garanto yake da ita, yanzu babu. Abin da ya rage uku ne. Ka nemi wurin aikinka su rubuta maka wasiƙa mai ɗauke da albashi da ranar fara aiki da cewa aikin na dindindin ne. Ko ka biya kamfanin da ke tsaya wa mutane garanto, amma kuɗinsu ba ya dawowa. Ko ka nemi mai gida kai tsaye ta shafin intanet irin OpenRent, domin mai gida ɗaya yana iya duba takardar aikinka ya gamsu, shi kuwa ejan tsarin kwamfuta yake bi.

Dokar nan ta Ingila ce. Sikotland tana da nata tsarin, can difozit yana iya kai hayar wata biyu.

Abban Sadiq: Shi ya sa ni shawarata ba ta canjawa. Kada sabon zuwa ya nemi fulat daga Kano ko Yamai. Ya tambayi wurin aikin a rubuce tun kafin ya sayi tikiti: kuna ba da masauki, na tsawon wane lokaci, nawa ne, daga albashi za a cire ko kyauta ne. Asibitoci da yawa suna ba da 'yan makonni ko 'yan watanni. Daga nan ya kama ɗaki ɗaya a gidan haɗaka, wanda kuɗin wuta da gas da ruwa suke cikin haya, ya zauna wata uku zuwa shida. A wannan lokacin ya ci jarrabawarsa, ya tara takardun albashi uku, ya samu mai gidan da zai ba shi shaida, ya san unguwanni da ƙafarsa. Sannan ya nemi fulat yana da abin nunawa.

Maman Hanif: Abban Sadiq wannan shawarar ta gwauro ce. Mace mai aure da yara biyu fa? Ko budurwar da iyayenta suka yarda ta tafi da sharaɗin ba za ta zauna da maza ba? Gidan haɗaka kicin ɗaya ne, firij ɗaya, banɗaki ɗaya ga mutum huɗu. Za ka buɗe firij ka ga giya da naman alade kusa da miyarka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutanenmu, kada a wuce shi kamar ba a gani ba.

Abban Sadiq: Ban wuce shi ba Maman Hanif. A SpareRoom, shafin neman ɗakin haya, ana iya tace nema, akwai gidajen mata zalla, kuma a unguwannin da Musulmi suka yi yawa, irin su Small Heath da Alum Rock a Bamingham, ko Cheetham Hill da Longsight a Manchesta, ko sassan Bradford da Lesta, ana samun gidajen da kowa na halal ne. Allon sanarwa na masallaci da zauren WhatsApp na ma'aikatan asibitin su ma hanya ce. Maganar iyali kuwa, ra'ayina mutum ya fara zuwa shi kaɗai, ya kama gida, sannan ya turo musu.

Maman Hanif: Gida biyu kenan zai riƙe, ɗaya can ɗaya nan. Shi ma a sa shi a lissafi. Kuma wata ukun nan yakan zama shekara.

Barista Kabiru: Duk ku biyun kuna da gaskiya, amma ga abin da doka ta ce, ya taimaka wa mai yanke shawara. Iyali ba za su cusu a ɗaki ɗaya ba. A ma'aunin cunkoso, yara namiji da mace da suka kai shekara 10 ba a haɗa su ɗakin kwana ɗaya. Gidan haɗaka kuma, in mutum biyar ko fiye ne daga gidaje daban-daban, shi ake kira HMO mai lasisi dole, kuma lasisin yana faɗin adadin mutanen da za su kwana a kowane ɗaki. Ɗakin babba ɗaya kada ya gaza murabba'in mita 6.51, na mutum biyu 10.22. Ka shigo da mata da yaro ɗakin da aka rubuta na mutum ɗaya, ka karya yarjejeniya, ka kuma jawo wa mai gida matsala da hukuma. Ƙaramar hukuma tana da rajistar gidajen da ke da lasisi, kowa yana iya dubawa.

Sai kuma kada kowa ya sa rai da gidan gwamnati. Bizar aiki tana ɗauke da sharaɗin ba ka da haƙƙi a kuɗin tallafin jama'a, kenan babu tallafin haya, babu gidan kansil, wato na ƙaramar hukuma.

Injiniya Ɗanlami: Bari in shigo ta inda ake ruɗar mutane da araha. Gida biyu, ɗaya 800 ɗaya 870, sai kowa ya ruga na 800. Ku duba takardar EPC tukuna, wadda ke nuna yadda gida ke riƙe ɗumi, daga A zuwa G. Doka ba ta yarda a ba da hayar abin da ya gaza E ba, amma E ɗin ma gida ne mai cin kuɗi. Sannan ku tambayi da me ake ɗumama gidan. In boilar gas ce, madalla. In hitar lantarki ce manne a bango, ku sani ma'aunin lantarki ya kai kusan ninki huɗu na gas a farashi. Daga Nuwamba zuwa Maris wannan fam 70 da kake ganin ka tsira da ita za ta tafi, ta ja wasu.

Wanda ya ji tsoron bil kuma sai ya kashe hita, ya rufe tagogi ruf, ya shanya wanki a ɗaki, ya dafa tuwo ba a kunna fankar kicin ba. Tururin ya kwanta a bango mai sanyi, baƙar fumfuna ta fito bayan kwaba da gefen taga. Abin ba na wasa ba ne. A Rochdale, a Disamba 2020, yaro ɗan shekara 2 mai suna Awaab Ishak ya rasu saboda fumfunar gidan da iyayensa suke haya, har aka yi doka da sunansa. Ranar duba gida ka ja labule, ka leƙa bayan gado, ka shinshina. Bango ɗaya da aka yi wa sabon fenti shi kaɗai, ka tambayi dalili. In ta fito bayan ka shiga, ka ɗauki hoto, ka rubuta wa mai gida, in ya yi shiru ka kai ƙara sashen lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma. Kada ka riƙe haya don fushi, bashin haya shi ne zai ba shi hujjar kai ka kotu.

Hajiya Binta: Injiniya ka manta harajin kansil, wanda ƙaramar hukuma ke karɓa a kan kowane gida bisa rukunin darajarsa. Shi ne baƙon da ba a sanar da zuwansa. Matsakaicin gida na rukunin D a Ingila yana kan fam 2,280 a shekarar 2025 zuwa 2026. Rukunin A kashi biyu cikin uku na wannan ne, kusan 1,520, kuma yawanci a wata goma ake biya, daga Afrilu zuwa Janairu. Wanda yake zaune shi kaɗai ana rage masa kashi 25 cikin ɗari, amma sai ya nema, ba a ba shi haka nan. A gidan haɗaka da ake haya ɗaki-ɗaki, mai gida ne ke biya. Wannan ma yana cikin abin da ya sa ɗakin 600 da komai a ciki yakan fi fulat ɗin 700 sauƙi nesa ba kusa ba. Sai dai a karanta, wasu suna rubuta iyakar wutar da za a sha, abin da ya haura ku raba.

Sista Rakiya: Ni tawa ɗaya ce: nisa. Dutin safe yana farawa wajen bakwai ko bakwai da rabi. Ranar Lahadi bas ba ya fitowa da wuri a garuruwa da yawa. Gidan da ya yi araha don yana bayan gari, tasi biyu ko uku a wata sun cinye ribar. Kafin ka amsa, sa foskod, wato lambar adireshi, ta gidan da na asibitin a taswirar waya, ka zaɓi Lahadi ƙarfe shida na safe, ka kuma zaɓi tara na dare. Abin da ya nuna maka shi ne gaskiyar gidan. Wanda za a iya takawa a ƙafa minti ashirin ya cancanci ƙarin kuɗi.

Masu hangen Landan kuma, gaskiya ne NHS tana ƙara wa albashi kashi 20 cikin ɗari a tsakiyar birnin, 15 a kewaye, 5 a gefe. Haya ta fi ƙarfin wannan ƙarin.

Ummi: To ta yaya mutum zai kama ɗakin tun yana gida? Akwai wanda aka turo wa hotuna masu kyau a Facebook, an ce ya tura difozit a ajiye masa.

Barista Kabiru: Kada ya tura. Ƙanwata ki gaya masa yau ɗin nan. Salon ɗaya ne kullum: farashi ƙasa da na unguwar, mai gidan wai yana ƙasar waje, mutane da yawa suna so, turo kuɗi a aiko maka makulli. Hotunan daga wani tallan aka kwaso. Kada kuma ya tura hoton fasfo ga wanda bai tabbatar da shi ba.

Ga yadda ake bincike. A samu amintacce ya je ya shiga gidan da ƙafarsa. In babu, a yi kiran bidiyo kai tsaye, mai nunawa ya fara daga titi, ya nuna lambar ƙofa, ya buɗe da makulli. A shafin HM Land Registry, ofishin rajistar filaye da gidaje, ana biyan fam 7 a ga sunan mai gidan, a gwada da sunan asusun da aka ce a tura kuɗi. In ejan ne, dole ya kasance cikin ɗaya daga hukumomin sasanci biyu, The Property Ombudsman ko Property Redress Scheme, kuma ana dubawa a shafinsu.

Kuɗin da halal ne a karɓa kafin sa hannu shi ne na riƙe gida, bai wuce hayar mako ɗaya ba. Tun dokar 2019 babu kuɗin fom, babu kuɗin duba gida, babu kuɗin tantancewa, babu la'adar ejan a kan mai haya. Wanda ya saba da kaso goma na ejan da na lauya a Abuja ya ajiye wannan a filin jirgi. Kuɗin riƙewar yana dawowa ko ya shiga cikin haya, amma za ka rasa shi in ka janye ko ka faɗi ƙarya a fom, saboda haka kada a ƙara wa albashi gishiri. Mai gida na gaskiya kuma zai nemi lambar da za ka ciro daga asusun bizarka na intanet don ya tabbatar kana da izinin haya. Wanda bai damu da wannan ba, ka damu da shi.

Alhaji Ɗanjuma: Barista duk wannan dogon turanci ne. Ɗan'uwa yana da ɗaki a gidansa, ya ce zo ka zauna ka riƙa ba ni 350, babu difozit babu takarda. Ina laifi? Da haka kowa ya fara. Zumunci ya fi takarda.

Barista Kabiru: Alhaji ranka ya daɗe, ba laifi, kuma sau da yawa shi ne mafi sauƙi. Amma mai shiga ya san matsayinsa. Wanda yake zaune gida ɗaya da mai gidan, suna haɗa kicin, ɗan lojin ne a doka. Kariyar da na lissafa a sama ba ta hau kansa ba. Ana iya sallamarsa da ɗan gajeren lokaci ba tare da kotu ba, kuma ba dole a kai difozit ɗinsa ajiya ba. Sannan a tambaya, shi ɗan'uwan gidan nasa ne ko haya yake? In haya yake, mai gidansa ya yarda? In gidan kansil ne ya bar maka ya koma wani wuri, wannan laifi ne a dokar 2013, ranar da aka gano kai ne a titi. A rubuta shafi ɗaya: nawa, yaushe, me ke ciki, sanarwar mako nawa. A biya ta banki. Takardar ita ce za ta tsare zumuncin ranar da matarsa za ta iso ana buƙatar ɗakin, kuma ita ce shaidar da za ka nuna wa mai gida na gaba.

Alhaji Ɗanjuma: Ta banki na yarda. Takardar ce dai da nauyi a ce wa wanda ya taimake ka ya sa hannu.

Hajiya Binta: Alhaji ko saƙon WhatsApp ne a tura, a ce "Yaya, don kada in manta, ga abin da muka yi magana." Ya amsa da to. Ya wadatar, kuma ba wanda ya ji kunya.

Sista Rakiya: A ƙara da gidan da wurin aiki ya bayar, musamman kamfanoni masu zaman kansu. Aikinka, bizarka da makwancinka duk suna hannun mutum ɗaya. Ranar da kuka saɓa, ukun ne suke girgiza tare, kuma in aiki ya tafi yawanci kwana 60 ake ba ka ka samu wani mai ɗaukar nauyi. A karɓa don sauka, amma a fara neman na kai tun watan farko. A kuma duba takardar albashi a ga abin da ake cirewa da sunan masauki.

Maman Hanif: Tunda an zo maganar difozit, mata ku ji wannan. Banɗakin can ba irin namu ba ne. Ƙasan katako ne aka shimfiɗa wa leda ko tayil, babu maguɗana. Ruwan buta da na alwala in yana zuba kullum, yana bi ta gefe ya jiƙa katakon, ya ɓullo a silin na ƙasa. Gyaran daga kuɗinki za a cire. A yi wankin ƙafa a cikin baho, a ajiye tawul na goge ƙasa. Kada a sa mai gyaran famfo ya ɗaura tiyon tsarki sai mai gida ya yarda a rubuce. Turaren wuta kuma yana tayar da ƙararrawar hayaƙi, sai wasu su cire batirin ko su rufe ta da leda. Wallahi kada a yi, rai ne. A rage garwashi, a buɗe taga, ko a koma na lantarki. Hayaƙin yana kama labule da fenti, mai gida yana iya lissafa shi kamar na taba.

Injiniya Ɗanlami: Ranar karɓar makulli, kafin a shigo da akwati: bidiyon kowane ɗaki, hoton duk tabon kafet da tsagar bango, hoton mitar wuta da ta gas da ta ruwa da lambobinsu a fili, don kada a ɗora maka bashin wanda ya tashi. Takardar lissafin kayan gida kada ka sa mata hannu sai ka bi ta layi-layi, abin da ba daidai ba ka rubuta a kai. Ka karɓi takardar lafiyar gas, wadda ake sabuntawa duk shekara, da ta wayoyin lantarki, ta shekara biyar.

Barista Kabiru: Sai ka sa ƙararrawa a waya ta kwana 30. A cikin wannan lokacin dole mai gida ya kai difozit ɗinka ɗaya daga wuraren ajiya uku, DPS ko MyDeposits ko TDS, ya kuma ba ka bayanin a rubuce. Shiga shafinsu da foskod da sunanka ka gani da idonka. In bai kai ba, kotu tana iya sa shi ya biya ka ninki ɗaya zuwa uku. In kun yi gardama ranar tashi, wurin ajiyar ne ke raba ku kyauta, kuma hotunan da Injiniya ya ce su ne shaidarka. Ƙungiyoyin Shelter da Citizens Advice suna ba da shawara ba a biya.

Ummi: Na gode Barista, na tura masa. Ya ce mutumin yana ta kira, wai zuwa magariba in bai ga kuɗi ba zai ba wani.

Abban Sadiq: Ya ba wanin. Ki ce ya rubuta wa ofishin ɗaukar ma'aikata na asibitin yau ya tambayi masaukin sauka, ya kuma turo mana sunan garin a nan, a ga ko akwai na kusa da zai je ya duba masa ɗaki ranar Asabar.